Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Al'ummar Hausawa Mazauna Ayilan: Ku Kai Mu Kilmalkedar

Iyayena, yayyena da ƙannena,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku gaisuwar girma, da fatan kuna lafiya, iyali lafiya, ana kuma ta haƙuri da ruwa da iskar ƙasar nan. Allah ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da mu, daga bikin suna zuwa zaman makoki.

Roƙo ne ya kawo ni. Idan kun zauna tsara fitar da ake yi da iyalai a lokacin zafi, ina so ku ware rana ɗaya ku kwashe mu, musamman yaran da aka haifa a nan, ku kai mu wata tsohuwar maƙabarta da ke gundumar Kerry, wadda ake kira Kilmalkedar. A tsakiyarta akwai kufan wata majami'a da ba ta da rufi. Na san wani zai ce duk wuraren shaƙatawar da ke ƙasar nan a rasa inda za a kai yara sai maƙabarta, maƙabartar ma ta wasu. Ku ba ni dama in faɗi dalilina.

Wurin yana can ƙarshen yamma, a zirin ƙasar Dingle da ya kutsa cikin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 8 daga garin Dingle. Yanki ne da har yau ake magana da harshen Ayirish a gida da kanti, kuma allunan kan hanya da harshen aka rubuta su. Idan ka tsaya a cikin maƙabartar kana hangen mashigin ruwan Smerwick a ƙasa, a bayanka kuma tuddai ne da ke hawa har zuwa Dutsen Brandon mai tsayin mita 952. Ba a biyan ko sisi a shiga. Ba mai gadi, ba mai sayar da tikiti, ƙofar ƙarfe ce kawai za ka tura.

Ana danganta kafa wurin da wani mai bauta, Maolcethair, wanda ya rasu a shekarar 636, ko da yake mutanen yankin sun fi haɗa shi da Waliyyi Brendan, wanda ya shahara da tafiye-tafiyen teku. Tsohuwar hanyar masu ziyarar ibada, wadda ta taso daga bakin tekun Ventry ta nufi gindin Dutsen Brandon, ta nan take ratsawa. Ginin da ke tsaye yanzu kuwa na ƙarni na 12 ne, kuma magina sun kwaikwayi majami'ar Cormac da ke Cashel, wadda aka keɓe a 1134. Ku lissafa: bangon nan ya haura shekara 800 yana shan ruwan Atlantika.

Ku tsaya a ƙofar yamma kafin ku shiga, kada ku yi sauri. Ƙofar ta fi faɗi a ƙasa, tana tsukewa kaɗan yayin da take hawa. An sassaƙa bakanta da zane mai lanƙwasa kamar haƙoran zarto, layi bisa layi, a can ƙololuwa kuma akwai kan mutum da aka fitar daga dutse, iska ta cinye masa fuska amma yana nan yana kallon duk mai shigowa. Duwatsun ba launi ɗaya ba ne, wani ja-ja, wani kore-kore, kuma idan ruwa ya jiƙa su launin ya fi fitowa. Da ka shiga sai ka ɗaga kai ka ga sararin sama. A jikin bango daga ciki akwai jerin ginshiƙai ƙanana da aka yi don ado, a samansu kana iya ganin inda duwatsun rufi suka fara lanƙwasowa ciki kafin su yanke. A bangon gabas akwai wata siririyar taga da mutanen wurin ke kira kafar allura. Suna da tsohuwar al'ada ta kutsawa ta cikinta da fatan samun tsira a lahira. Wannan imaninsu ne, mu namu kallo.

Abin da ya fi kama zuciyata ba ginin ba ne, wasu duwatsu ne guda uku da suka girme shi.

Na farko yana cikin majami'ar, samansa ya karye. A gefensa an sassaƙa haruffan Latin a jere, daga farkon abacada zuwa gaba, kuma masana na kai shi ƙarni na 6. Galibinsu na ganin malami ne ya sa aka yi shi don koyar da ɗalibai karatu. Allo ne, iyayena, allon dutse, wanda ba a wanke shi. Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malam yana bin baƙi da yatsa zai gane abin da ya faru a gindin dutsen nan ba tare da an yi masa bayani ba. Ina so yaranmu su gan shi, domin da yawansu sun ɗauka ilimi a ƙasar nan da kwamfuta ya fara.

Na biyu yana waje, a gefen hanyar da ke kai ka ƙofa, dogo ne siriri, ya kai tsayin mutum. A kaifin gefensa akwai tsage-tsage, wasu a dama, wasu a hagu, wasu sun ratsa. Wanda bai sani ba zai ce wasa wuƙa aka yi a kai. Rubutu ne, shi ake kira Ogham, rubutun farko da aka yi harshen Ayirish da shi, mai haruffa 20 a asali, ana karanta shi daga ƙasa zuwa sama. Akwai irin waɗannan duwatsu kimanin 400 da suka rage, mafi yawansu a Kerry da Cork da Waterford, kuma kusan dukkansu sunaye ne kawai, wane ɗan wane. Na Kilmalkedar yana ɗauke da sunan wani Mael Inbir ɗan Brocan. Kusa da kan dutsen akwai huda. An ce idan mutum biyu za su ƙulla alkawari, ko na ciniki ko na aure, sai kowa ya zura babban yatsansa ta ɓangarensa su haɗu a ciki, shi ke nan magana ta ƙullu.

Na uku agogon rana ne. Dutse ne a tsaye mai faffaɗan kai kamar rabin faifai, da rami a tsakiya inda ake soke sanda, da layuka da suka rarraba yini. Inuwar sandar ce ke gaya wa masu bauta lokacin addu'ar safe da ta tsakar rana da ta yamma. Ba nisa da shi akwai wani ƙaton gicciye na dutse, ya fi mutum tsayi.

To me ya sa majami'a irin wannan ta zama kufai, alhali mutanen yankin ba su bar addininsu ba? Wannan tambaya ce da ta shafi ɗaruruwan wurare a karkarar Ayilan, kuma amsarta ita ce tarihin ƙasar a dunƙule. A ƙarni na 16 Sarki Henry na Takwas na Ingila ya ɓalle daga Paparoma, aka rufe gidajen masu bauta, majami'un unguwanni kuma suka koma hannun cocin gwamnati. Amma mafi yawan 'yan ƙasa suka tsaya a kan Katolika. Sai ya zama gini yana hannun waɗanda ba su da jama'ar cika shi, jama'a kuma ba su da ikon shiga gininsu. Yaƙe-yaƙe suka biyo baya, rufi ya ruɓe, ba mai gyarawa. A zamanin dokokin takura wa Katolika, mutane kan taru a ɓoye a bayan tudu su yi ibada a kan wani faffaɗan dutse. Sai a 1829, bayan gwagwarmayar Daniel O'Connell, shi ma ɗan Kerry, aka ba Katolika damar zama a majalisar dokokin Birtaniya. Lokacin da suka sami sararin gina sababbin majami'u, a cikin gari da bakin hanya suka gina su.

Abu ɗaya ne ba su yarda sun saki ba, shi ne ƙasar da iyayensu ke kwance. An karɓe ginin, amma gawa ta ci gaba da zuwa. Har cikin kufan kansa aka riƙa haƙa kabari, domin kowa na son ya kwanta kusa da wuri mai tsarki, kusa da nasa. Shi ya sa a Kilmalkedar za ka ga dutsen da ya haura shekara 1,000, taku kaɗan daga shi kuma ga sabon kabari da baƙin dutse mai sheƙi, da furanni, da rubutu cikin Ayirish. Wurin bai mutu ba. Akwai waɗanda ke zuwa can su yi kuka.

Ina roƙon duk wanda ya je ya riƙa duban ƙasa. A tsofaffin maƙabartun yammacin Ayilan, tsakanin manyan duwatsu masu suna, akwai ƙananan duwatsu birjik a cikin ciyawa, wani bai wuce tsayin tafin hannu ba, ba rubutu, ba sassaƙa. Baƙo zai ɗauka tsakuwa ce ta faɗo daga bango, har ya sa ƙafa ya ture. Kaburburan talakawa ne. Iyalin da ba su da kuɗin mai sassaƙa sukan ɗauko dutse daga gona su kafa, su kuma riƙe a ka cewa na uku daga bango, wajen gabas, shi ne na kaka. Idan aka gusar da dutsen, an shafe mutumin. A ƙidayar 1841 mutanen tsibirin sun haura miliyan 8. Daga 1845 cuta ta kama dankalin Turawa, abincin da talaka ya dogara da shi kacokan, kuma kafin 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya sun mutu da yunwa da zazzaɓi, wasu kimanin miliyan ɗaya sun hau jirgin ruwa sun bar ƙasar. Gundumomin yamma irin su Kerry na cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. Da yawa an binne su ba akwati, ba suna, wasu a rami ɗaya. Har yau yawan mutanen tsibirin bai koma adadin 1841 ba. Maƙwabcinka Ba'ayirishe da ke da 'yan'uwa a Boston ko Liverpool, daga nan labarinsa ya taso, kuma idan yaranmu suka san haka za su fahimci dalilin da ya sa maganar hijira ke taɓa mutanen nan ta wata fuska dabam.

Akwai wani abu mai ɗaci da ya kamata manya su sani ko da ba a gaya wa yara ba. Ƙarni da ƙarni, jaririn da ya mutu ba a yi masa baftisma ba, ba a binne shi a tsarkakakkiyar ƙasar maƙabarta. Akan kai shi wani keɓaɓɓen fili da ake kira cillín, sau da yawa da dare, uba ne ko kawu ke ɗauka, uwa na gida. A irin wuraren nan ne kuma akan sa baƙon da teku ta turo gawarsa ba a san addininsa ba. Akwai su sama da dubu a faɗin tsibirin. A 'yan shekarun nan ƙauyuka da dama sun koma sun share su, sun kafa alama, an yi musu addu'a. Al'ummar da ta iya komawa ta nemi jariran da ta ware a gefe ta cancanci a girmama ta.

Na san abin da ke ran wasu daga cikin iyayenmu Musulmi, kuma ba na raina shi. Hukunci na malamanmu ne, su za su faɗa mana abin da ake cewa da abin da ba a cewa a irin wannan wuri. Abin da zan tunatar kawai shi ne Alƙur'ani ya umarce mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, kuma ya ce Allah ya karrama 'yan Adam. Ya kuma tabbata a hadisi cewa an wuce da gawa ta gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ce? Ba ibada za mu je yi ba, ba kuma neman tabarraki ba. Wa'azi za mu je ɗauka. 'Yan'uwanmu Hausawa Kirista kuwa, waɗanda da yawansu limamai da malaman makaranta 'yan Ayilan ne suka koyar da iyayensu a Kano da Jos da Kaduna, za su ga tushen da waɗancan mutane suka fito.

Idan kun amince, to a yi wa jama'a bayanin ladabin wurin tun a cikin mota. Ina faɗin haka ne domin na sha ganin hotunan masu yawon buɗe ido, har da namu, mutum ya hau bangon kufai ya buɗe hannuwa, ko ya zauna a kan dutsen kabari yana cin abinci. Abin yana sosa mini rai. Wanda ke ƙarƙashin dutsen nan uban wani ne. Kada a hau bango, domin kwaɓin ginin da ke riƙe da duwatsun ya tsufa, kuma dutse ɗaya in ya zame sai na kusa da shi ya biyo. Kada a goga alli ko wani abu a kan rubutu don ya fito a hoto. Kada yaro ya ɗauko ko ɗan ƙaramin dutse ya sa a aljihu. A rufe ƙofa idan an shiga ko an fita, saboda gonaki da dabbobi ne kewaye da wurin. Idan aka tarar ana jana'iza, a koma gefe a yi shiru har a gama, maza su cire hular sanyi in ba ta lalura ba ce, ko aƙalla su tsaya cik. Hanyar wurin siririya ce, kada a toshe ta da mota.

Ginin da duwatsun suna cikin kayan tarihi na ƙasa, Ofishin Ayyukan Jama'a da ake kira OPW ke kula da su, kuma doka ta hana a haƙa, ko a gyara, ko a bi wurin da na'urar neman ƙarfe ba tare da izini ba. Wannan ya kawo ni ga roƙo na biyu. Kusan duk garin da muke zaune, daga Ennis zuwa Dundalk, akwai irin wannan tsohuwar maƙabarta a bayan gari, kuma sau da yawa wani ɗan kwamiti ne na tsofaffi ke yanke mata ciyawa. Suna neman hannu. A lokacin zafi unguwanni da yawa na da ranar Lahadin da ake taruwa a maƙabarta a yi wa matattu addu'a, kafin ranar kuma iyalai kan fito su share kaburbura. A watan Agusta akwai makon kayan tarihi na ƙasa, inda ake neman masu sa kai su karanta rubutun duwatsu su rubuta sunaye kafin iska ta gama cinye su. Matasanmu da ke da ƙarfi da wayoyi masu kyamara za su iya wannan. Sai dai a je a matsayin masu taimako, a bi abin da masana suka ce. Kyakkyawar niyya ta lalata maƙabartu da yawa: wani ya fizge ciyawa mai yaɗo daga bango ya taho da duwatsun, wani ya zuba maganin kashe ciyawa ƙasa ta zaizaye, wani ya kankare dutse da burushin ƙarfe rubutun ya tafi, wani ya kwashe ƙananan duwatsun nan ya tara a gefe don injin yankan ciyawa ya sami hanya. A kowace majalisar gunduma akwai jami'in kula da kayan tarihi, shi ake fara tuntuɓa.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mun zo ƙasar nan muna cewa shekara biyu ce ko uku, karatu ne ko aiki, mu koma. Ga shi 'ya'yanmu suna magana da harshen Cork da na Dublin, wasunmu sun fara furfura. Ana cewa baƙo raɓa ne, amma mu mun kwana mun yini. Duk wanda ya taɓa shiga hidimar mayar da gawa gida ya san kuɗin da takardun da kwanakin jiran da ke ciki, ya kuma san yadda hakan ke karo da umarnin gaggauta binnewa. Da yawanmu a nan za a binne mu. Ƙidayar 2022 ta nuna Musulmi a Jamhuriyar Ayilan sun haura 80,000. Akwai sashen Musulmi a maƙabartar Newcastle da ke kudancin Dublin da wasu wurare, kuma a 2013 gwamnati ta gyara wata ƙa'ida da ta samo asali tun 1888, ta ba da damar binne mutum ba cikin akwati ba a sashen da aka keɓe don haka. Mutanen da suka yi mana wannan sassauci jikokin waɗanda aka hana su majami'unsu ne amma suka ƙi rabuwa da kaburburansu. Sun san zafin abin. Idan za mu je gaban majalisar gunduma mu nemi a keɓe mana fili a garuruwan da ba mu da shi, zai fi kyau mu je a matsayin mutanen da aka taɓa gani da manjagara a hannu a maƙabartar garin.

Akwai kuma darasin ƙananan duwatsun. Mu ma al'adarmu ba ta gina kabari ba ce, kuma a gida akwai dattijon unguwa da ya san inda kowa yake. A nan ba mu da shi. Idan ba mu buɗe littafi ba, wanda za a riƙa rubuta sunan duk wanda ya rasu a cikinmu, da sunan mahaifinsa, da garinsu na asali, da maƙabartar da lambar kabarin, to nan da shekara hamsin jikokinmu za su tsaya a cikin ciyawa suna tambayar wanne ne. Ina roƙon ku ɗora wa mutum biyu wannan aiki, namiji da mace, a ajiye kwafi a takarda da kuma a kwamfuta.

Game da tafiyar, daga Dublin zuwa Dingle kusan awa biyar ne a mota, don haka kwana ɗaya a Tralee ko Dingle zai fi sauƙi ga masu ƙananan yara da tsofaffi. Wanda ba shi da mota zai iya hawa jirgin ƙasa daga tashar Heuston zuwa Tralee, daga nan ya shiga bas. Daga watan Mayu zuwa Agusta rana na daɗewa ba ta faɗi ba, amma kowa ya riƙe rigar ruwa da takalmin da ba ya jin laka. Ɗakin ibadar Gallarus, wanda aka gina da duwatsu zalla kuma rufinsa na nan daram, yana kusa ƙwarai, ana iya haɗa su a yini ɗaya. A nemi ɗan yankin da zai yi mana jagora, a biya shi haƙƙinsa, domin abin da zai faɗa game da iyalan da ke kwance a wurin ba ya cikin kowane allon bayani.

Idan kun sa maganar a ajandar zama mai zuwa, ni na ɗauki nauyin neman farashin mota da masauki in kawo muku a rubuce.

Allah ya ƙara muku lafiya da girma, ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da kyau da imani.

Naku,
Ɗanku kuma ƙaninku, mazaunin Ayilan